Ba kowane jini a bahaya ba ne basir

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na lafiya kan cututtukan hanji, Allah ya saka da alheri. Sai dai likitan da kuka gayyato ya yi ta ambaton "folif" da "kolektomi" da "sitoma" babu mai fassarawa. Mu kuwa a nan, duk jinin da ya biyo bahaya sunansa ɗaya, basir. Da wannan sunan muka binne yayana yana da shekara 41, bayan ya shafe shekara uku yana shan jiƙe-jiƙen masu talla da lasifika a kasuwa. Da aka kai shi asibiti, ashe sankarar hanji ce, ta riga ta yi nisa. Mahaifinmu ma haka ya tafi, muna cewa basir ne ya ci ƙarfinsa.

Sai bayan rasuwar yaya wani likita ya zaunar da mu. Folif ɗan tsiro ne a bangon hanji ta ciki, kuma mutum kan samu ɗaya ko biyu idan ya manyanta. Amma akwai na gado, wanda likitoci ke kira FAP, inda tsiron ke fitowa ɗaruruwa har dubbai a babban hanji tun mutum yana saurayi ko budurwa, sau da yawa ba ya jin komai. Tushensa tangarɗa ce a ƙwayar gado mai suna APC, wadda aka gano a 1991. Idan uba ko uwa na ɗauke da ita, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Wanda ya gada, in ba a yi masa aiki ba, kusan tabbas tsiron zai rikiɗe ya zama sankara, sau da yawa wajen shekara 40. Shi ya sa ake fara leƙa hanjin yaran gidan da na'ura mai kyamara tun suna shekara 10 zuwa 12.

An leƙa nawa, ba a ga komai ba. Na ɗiyar marigayi yayana kuwa an gani.

Nan ne rashin Hausar ya fi yi mana illa. Da ta ji an ce tiyata, sai ta ɗauka jakar bahaya ce a ciki har abada, ta ce ina salla, ina aure? Alhali kolektomi cire babban hanji ne kawai. Wani lokaci a haɗa ƙaramin hanji da guntun ƙarshe da aka bari, wani lokaci a naɗe bakin ƙaramin hanjin a yi 'yar ma'ajiya a ciki, a ɗinke ta da dubura. Sitoma ita ce ƙofar da ake buɗewa a fatar ciki a maƙala jaka, kuma ga mutane da dama ta 'yan watanni ce, sai ɗinki ya warke a rufe.

A asibitin St Mark's na Landan tun 1924 suke ajiye rajistar iyalai masu wannan lalura, suna bin 'ya'ya da jikoki. Mu da muka san dangi har kakan kaka, wannan bai kamata ya gagare mu ba.

Roƙona, ku maimaita shirin da Hausa zalla. Ku haɗa likitan tiyata da malamin fiƙihu, domin tambayar da yarinyar nan ta fi yi mini ita ce hukuncin alwalar mai jaka.

Naku,
Mai sauraronku daga Funtuwa