Shi leburan fa, wa zai yi magana da yawunsa?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na daren Talata ya ɓata mini rai, har yau ban huce ba. Kusan minti arba'in kuka ba lauyan nan yana koya wa masu kamfani dabarar kauce wa Kotun Ma'aikata: wai su daina ɗaukar leburori da kansu, su bi ta hannun ɗan kwangila, in rigima ta tashi babu ruwansu. Mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, Barista" yake ta yi. Ko sau ɗaya bai ce masa, to shi leburan fa?

Ni ne leburan. Shekara shida na yi a kan injin roba a wata masana'anta a nan Kano, ta hannun ɗan kwangila, daga shida na safe zuwa shida na yamma. Ranar da injin ya datse mini yatsu biyu na hannun dama, a Adaidaita Sahu abokan aiki suka kai ni asibiti, hannun a naɗe cikin rigata. Da na ji sauƙi na koma, maigadin da muke cin ƙosai tare ya tare ni a ƙofa, yana ta sunkuyar da kai. Manaja ya aiko a ce mini sunana ba ya cikin littafinsu, in nemi wanda ya kawo ni. Shi kuma ɗan kwangilar ya miƙo mini naira dubu 20 a ambulan, ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta hana su gyara murfin injin da muka yi wata da watanni muna ƙorafi a kai ba.

Sai da na je wurin lauya na san cewa dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Ni ko ƙyalle ba a ba ni ba. A can na ji cewa wanda ya kai shekara biyar yana da haƙƙin sanarwar wata guda kafin a sallame shi, kuma dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, saboda irin ranar da ta same ni. Baristanku ya san duk wannan sarai. Me ya hana shi ce wa masu kamfanin su ba da takarda, su zuba kuɗin, su huta da shari'a?

Yanzu maganata tana kotu. Lauyansu abu ɗaya yake maimaitawa, wai ba su san ni ba. Hujjata katin shiga mai sunan ɗan kwangila da hoton da na ɗauka a waya sanye da rigar kamfanin. Kowane zama sai na ranci kuɗin mota, keken ɗinkin maiɗakina ma ya tafi.

Ku kawo ɗan ƙungiyar ƙwadago ko wanda inji ya taɓa, ku zaunar da shi gaban Baristan nan.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Sau tara na kira a daren, kullum yana cike, amma mutum uku ɗin nan da ke gaishe-gaishe kowane mako sun samu shiga.

Naku mai sauraro,
daga Sharaɗa, Kano.