Jadawalin ɗan kwangila ba takardar jefawa a durowa ba ce

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wata takarda da masu bayar da aikin gini, gwamnati ce ko kamfani ko kwamitin unguwa, suke karɓa daga hannun ɗan kwangila su jefa cikin durowa, wato jadawalin aiki. Na daɗe ina sa ido a kan gine-gine, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɓata yini guda ana ciniki a kan farashin siminti da rodi, amma takardar da ta nuna ranar fara kowane sashe na aikin da ranar gama shi ba ta samun ko minti goma.

Abin da ya kamata mai aiki, wato wanda ya bayar da kwangilar, ya fara nema a jadawali shi ne yadda ayyukan suka rataya da juna. Ba a zuba dakin, wato rufin kankare, sai ginshiƙai sun tsaya, ba a yin filasta sai mai wayarin ya binne bututunsa, kuma kankare sai ya kwana 28 ake auna ko ya kai ƙarfin da ake buƙata, bayan an shayar da shi ruwa a makon farko. A kowane gini akwai jerin ayyukan da idan ɗayansu ya makara da kwana guda, to ranar miƙa makulli ma ta matsa da kwana guda, sauran kuwa suna da rarar kwanaki. Duk ɗan kwangilar da ya kasa nuna wannan jeri da yatsarsa, zane kawai ya kawo.

Wata shekara dattawan unguwarmu suka sa ni cikin kwamitin gina azuzuwa a makarantar Islamiyya. Ɗan kwangilar ya zo da jadawali mai launi-launi, an buga shi da kwamfuta, kowa ya yaba. Da na shimfiɗa shi a kan tabarma na bi shi layi-layi, sai na ga ya sa haƙar fandisho a tsakiyar watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a ƙasar Hausa, ramin da aka haƙa da safe yakan zama kududdufi kafin La'asar, yawancin leburori kuma suna gona. Babu hutun Sallah a ciki, babu kwanakin jiran kwanon rufi, kuma bai bar wa kankaren dakin lokacin da zai kama jikinsa ba. Da muka tambaye shi, sai ya yi shiru, sannan ya ce jadawalin wani aikin ne ya sauya wa ranaku. Muka mayar masa ya sake, wa'adin ya ƙara tsawo, wasu 'yan kwamiti suka ji haushi, amma a wannan sabon wa'adin ne yara suka shiga aji.

Akwai kuma ɓangaren da masu aiki ba sa son ji, wato jadawali yana ɗaure su kamar yadda yake ɗaure ɗan kwangila. Ranar miƙa fili, ranar kawo zanen gini da aka amince da shi, ranar biyan diyya ga waɗanda hanya za ta ci gonakinsu, ranar biyan kuɗin kama aiki wanda dokar bayar da kwangila ta 2007 ta tanada, duk nauyi ne a wuyan mai aiki, kuma ya kamata kowanne ya fito a jadawalin da ranarsa. Sau da yawa ana zagin ɗan kwangila a gidan rediyo alhali takardar biyansa ta yi wata uku a kan teburin wani ofis. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, wadda aka bayar da kwangilarta a watan Disamba na 2017 da wa'adin wata 36, ta wuce wa'adinta da shekaru, an sauya girman aikin, an sauya kuɗinsa, kuma matafiyin da ke shan wahalarta bai taɓa ganin jadawalin da zai nuna masa inda kwanakin suka tafi ba.

Ƙa'idojin kwangila na FIDIC, wato ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, waɗanda ake amfani da su a manyan ayyuka a ƙasashe da dama, sun ba ɗan kwangila kwana 28 ya kawo jadawalinsa bayan an sanar da shi ranar fara aiki, sun kuma ba injiniyan mai aiki kwana 21 ya nuna inda jadawalin ya saɓa wa yarjejeniya. Idan ya yi shiru, ɗan kwangila zai ci gaba da abin da ya rubuta, kuma ranar da rigima ta tashi wannan shirun zai zama hujja a kan mai aiki. Sai dai dubawa daban, karɓe ragama daban. Mai aiki yana da haƙƙin ya tambayi dalilin da ya sa aka ware kwana biyar kacal ga aikin da birkiloli huɗu ba za su gama a kwana goma ba, amma idan ya shiga tsara wa ɗan kwangila abin da zai fara da abin da zai bari, to ya ɗauki alhakin jinkirin da kansa.

Bayan an fara aiki, kowane wata a zauna da jadawalin farko a hannu ɗaya, sabon kuma a ɗaya hannun, domin dabarar da aka saba ita ce a riƙa matsar da ranaku a hankali har a manta da alkawarin asali. Kada a yarda da maganar an ci rabin aiki daga bakin kowa. A je wurin, a ƙirga ginshiƙan da suka tsaya, a auna tsawon magudanar ruwan da aka gina, a ga injinan da ke aiki da waɗanda suka kwanta, sannan a sa hannu a takardar biya. Idan aka ga rarar kwanaki tana ƙarewa, ko aka ga an matse ayyukan ƙarshe kamar fenti da tayil domin ranar gamawa ta zauna inda take, a nemi bayani a rubuce tun a watan, a kuma rubuta kowace ranar da ruwa ko rashin biya ya tsayar da aiki, da sa hannun ɓangarorin biyu.

Roƙona ga ma'aikatun ayyuka na jihohi da ƙananan hukumomi shi ne, allon da ake kafawa a bakin aiki, wanda ke ɗauke da sunan ɗan kwangila da na mai sa ido, a ƙara masa ranakun manyan matakan aikin, a kuma riƙa gyara su a bainar jama'a duk lokacin da suka sauya, tare da dalilin sauyin.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani injiniyan gini, daga Zariya