Zuwa ga ɗana, kan maganar keken ɗinki

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Saƙonka ya iso, na kuma yi hamdala da jin ka ajiye sigari, har kana so ka yi wa kanka tukuici da keken ɗinki. Ka nemi shawarata, to ga ta: ka saya, amma da kuɗin tabar. Ban yarda ka ci bashi ba, kuma kada ka taɓa kuɗin cefane.

Kullum da safe ka ware abin da ka saba miƙa wa mai taba, ka jefa a asusu. Kada ka ce sai ƙarshen wata za ka lissafa, kuɗin da ya kwana a aljihu ba ya rasa hanyar fita. Duk ranar da sha'awar ta motsa, ka ɗaga asusun ka ji nauyinsa.

Kada kuma ka raina abin da ka rabu da shi. Nikotin ɗin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin kamar daƙiƙa 10 bayan zuƙa, shi ya sa jiki ke saurin kamuwa. Makon farko ya fi kowanne wuya, ga saurin fushi, ga rashin barci, ga yawan jin yunwa, amma yawanci abin yakan lafa cikin mako 2 zuwa 4. Wanda ba ya saurin tafiya shi ne sabo. Ka lissafa da kanka: mai shan kara 20 a yini, in kowane kara zuƙa 10 ne, sau 200 ke nan yake kai hannu baki. Yanzu hannun nan naka ya rasa aikin yi. Abin da ya sa keken ya fi kwanta mini a rai fiye da sabuwar waya ko agogo ke nan. Ɗinki yana cinye hannu biyu da ƙafa da ido gaba ɗaya, kuma sha'awar taba 'yan mintuna take yi ta wuce. Kafin ka gama kalmasa bakin wando ɗaya ta tafi abinta.

Wajen saye kada kwalliya ta ruɗe ka. Za a nuna maka mai fitilu da ɗinki kala-kala, alhali mai koyo miƙaƙƙen ɗinki mai ƙwari yake bukata. Keken ƙafa mai jikin ƙarfe, irin su Singer ko Butterfly, ba ruwansa da wutar lantarki, kuma in yana samun mai sai ya kai ga jikoki. Na hannu ma ba laifi, in mai lafiya ne. Ka tafi da tela wanda ya san kan abin. A ninka yadi mai kauri a ɗinka a gabanka, sannan ka juya ka dubi bayansa. In zaren ƙasa ya cukurkuɗe, ko keken yana tsallake ɗinki, a gyara a sake gwadawa, in bai daidaita ba ka haƙura da shi. Ka tambaya ko ana samun kayan gyaransa, ka kuma rage wani abu na almakashi da allurai da man keke.

Sai abin da ya fi damuna. Ranar da keken ya shigo gida, zuciya za ta raya maka cewa yaƙi ya ƙare, kara ɗaya ba zai yi komai ba. A nan mutane da yawa ke zamewa. Abokanka masu sha kada ka bar su su kunna kusa da kai, warin hayaƙi kama yadi yake yi, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya huda kayan mutane. In abin ya yi maka nauyi ka ga likita, akwai cingam na nikotin da magungunan da ke taimakawa, ba abin kunya ba ne. In ma tsautsayi ya sa ka sha, ka sake ɗaura ɗamara a ranar, asusun ya ci gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shekara ɗaya da bari, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yakan ragu zuwa kusan rabin na mai sha. Ina so ka kai can.

Ka gode wa matarka, na san ta sha haƙuri da kai a kwanakin nan. Ka shafa mini kan yara. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka juriya.

Mahaifiyarka