Wasiƙa zuwa ga Bashir kan rigar da Sadiƙu ya sayo

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da maiɗakinka da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan Houston lafiya lau, sai zafi mai gumi da ba ya barin mutum ya bushe.

Na ga hoton rigar da Sadiƙu ya sayo wajen 'yan gwanjo, mai zanen mutum kamar na allon alamar hanya, ya ɗaga ƙafa ya wurga hannu, ga haruffa uku, D.R.I. Ka ce Hajiya ta hana shi sawa sai an tabbatar ba tambarin ƙungiyar asiri ba ne. Ka kwantar mata da hankali, makaɗa ne. Kuma tambayarka ta faɗo a hannun da ya dace, domin 'yan garin nan ne, na kuma daɗe ina jin kiɗansu a mota in na taso daga aikin dare.

A 1982 suka fara. Samari ne huɗu: Kurt Brecht mai waƙa, ɗan'uwansa Eric mai ganguna, Spike Cassidy mai jita, da Dennis Johnson mai jitar nan mai kaurin murya. A gidan iyayen su Kurt suke gwaji, ƙara kuwa ta ishi mahaifinsu, har yakan faɗo musu da faɗa da zagi. Daga zagin nan suka ciro sunansu, Dirty Rotten Imbeciles, wato ƙazaman ruɓaɓɓun dolaye. Sun ma naɗi muryar dattijon yana yi musu tsawa suka sa a wata waƙa. Wannan kam bai yi mini daɗi ba, kai ma ka san a gidajenmu ko a mafarki ba za a yi haka ba. Zanen da ke rigar kuwa Eric ne ya yi shi, mutum ne yana irin rawar da ake yi a wajen wasansu.

Kiɗan da suka fara da shi ana ce masa hadko pank. Gajere ne, mai gudun tsiya, ba ado ba kwalliya, mawaƙin kamar mai faɗa da wani. Faifansu na farko, wanda ya fito a 1983, waƙa 22 ce cikin kusan minti 18, a kan ƙaramin faifai mai faɗin inci 7, kuma kwafi 1,000 kacal suka buga. Ka lissafa da kanka, yawancinsu ba su kai minti ɗaya ba. Kafin ka gyara zama waƙa ta ƙare an shiga wata. Abin da suke faɗa shi ne tsadar rayuwa, yaƙi, rashin aiki, da manufofin tattalin arzikin Shugaba Ronald Reagan. A shekarar nan suka koma San Francisco, suna kwana cikin motarsu, suna cin abinci a gidajen da ake ciyar da marasa galihu kyauta, suka kuma shiga rangadin adawa da Reagan tare da wata ƙungiyar makaɗan pank mai suna Dead Kennedys.

To ga inda nake son ka tsaya ka ji ni da kyau. A Amurka ta wancan lokaci, 'yan pank da 'yan metal, wato masu wani salon kiɗan jita mai nauyi da ƙara, ba sa ga maciji. 'Yan metal masu dogon gashi ne, suna alfahari da gwanintar hannu a kan jita, waƙoƙinsu dogaye, suna ganin 'yan pank ba su iya kiɗa ba. Su kuma 'yan pank, masu aski ƙwal ko gajeren gashi, suna ganin na metal 'yan burga ne masu neman kuɗi, ba ruwansu da halin da talaka ke ciki. Mai dogon gashi in ya shiga wasan hadko yakan iya fitowa da kumburarren baki. Su D.R.I. sai hannunsu ya ƙara nuna, kunnensu kuma ya karkata ga nauyin metal. A kundinsu na 1985, Dealing with It!, an fara jin alamar haka, bayan Felix Griffin ya karɓi ganguna daga Eric. A 1987 suka fito fili da kundin da suka raɗa wa Crossover, ma'ana tsallakawa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Waƙoƙin suka ƙara tsawo, jitar ta yi nauyi, a rage gudu a wani wuri don a sake fizga da ƙarfi, amma muryar Kurt da abin da yake faɗa suna nan yadda suke.

Sun sha suka. Tsofaffin masoyansu da dama suka ce sun sayar da kansu. Ni ban yarda ba, Bashir. Wanda ya sayar da kansa ai ana ganin ribar a jikinsa, su kuwa ba su taɓa zama attajirai ba, har yau a ƙananan zaurukan wasa suke yawo. Abin da ya faru shi ne ɗaki ɗaya ya fara ɗaukar masu gashi da masu aski, sunan kundin nan kuma ya zama sunan salon baki ɗaya. Ba su kaɗai suka share hanyar ba. Akwai Suicidal Tendencies na Venice a Kalifoniya, da Corrosion of Conformity na Raleigh, da S.O.D. (Stormtroopers of Death) na New York, su waɗannan na ƙarshen 'yan metal ne da suka tsallako ta ɗaya ɓangaren a 1985. Amma D.R.I. ne suka ba abin suna.

Tasirinsu ya fi sunansu nisa. Slayer, makaɗan metal waɗanda suka fi su shahara nesa ba kusa ba, marigayi Jeff Hanneman mai jitarsu masoyin hadko ne sosai, kuma a 1996 sun sake rera waƙar D.R.I. mai suna Violent Pacification a kundin da suka yi don girmama makaɗan pank da suka koya daga wajensu. Daga baya wasu samari suka farfaɗo da salon, irin su Municipal Waste na Richmond a Virginia, da Power Trip na Dallas, nan cikin Texas ɗinmu. In ka ji su ka ji jikokin Crossover.

Su kansu sun ci gaba da fitar da kundi a 1988 da 1989 da 1992, na ƙarshe cikakke kuma a 1995. A 2006 aka gano Spike yana da sankarar hanji, suka dakata har ya samu sauƙi, sannan suka koma hanya. A 2016 sun fitar da 'yan waƙoƙi kaɗan. Kurt da Spike ne ba su taɓa rabuwa ba tun 1982, kuma wannan amincin nasu shi ya fi taɓa ni a duk labarin, wataƙila don yana tuna mini da mu tun muna aji ɗaya a firamare.

Na taɓa zuwa kallonsu sau ɗaya. Dattawa ne yanzu, furfura ta fito, amma gudun kiɗan bai ragu ba. A tsakiyar zauren matasa na zagayawa da gudu suna bangazar juna, ka rantse dambe za a yi. Sai na ga wani yaro ya faɗi, kafin in ƙifta ido hannuwa huɗu sun ɗaga shi tsaye, an ci gaba. Kusa da ni wani mutum mai kimanin shekara sittin ya zo da ɗansa, dukansu sanye da riga irin ta Sadiƙu. Ba zan ɓoye maka ba, ana shan giya a irin wuraren nan, akwai ashar a wasu waƙoƙin, akwai kuma inda suke taɓa addini ta hanyar da ba na so. Ina tsallake waɗannan. Amma fushin da suke yi da zalunci da yaƙi na gaskiya ne, shi ya riƙe ni.

Ka ce wa Sadiƙu in Hajiya ta amince ya sa rigarsa, in kuma ba ta amince ba ya ninke ya ajiye mini, zan ba shi kuɗinta in na zo da babbar Sallah in Allah ya yarda. Ka ɗauko mini hoton 'yar takardar da ke wuyanta, ina son in ga ko tsohuwar bugawa ce.

Ka gaida Hajiya da Baba da kyau, ka ce ina neman addu'arsu. Ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka har kullum,
Nura