Godiya ga shagon da ya raba ni da wahalar busar da kai

Assalamu alaikum Alhaji, kai da yaran shagonka baki ɗaya.

Ni ce matar da ta shigo shagonku na kayan lantarki a Sabon Gari farkon hunturun da ya wuce, riƙe da matacciyar dirayar gashi a cikin leda, fuskata babu walwala. Da wuya ku tuna ni, masu shiga da fita suna da yawa. Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a ne saboda a bainar jama'a muke kai ƙara idan an cuce mu.

Ni malamar makaranta ce, kafin ƙarfe bakwai na bar gida. 'Ya'yana mata uku, kuma duk Allah Ya ba su gashi irin na dangin babansu, mai cika da kauri, wanda in an wanke da hantsi har la'asar tushensa da laima. Duk macen da ke sa hijabi ta san abin da ke biyo bayan ɗaura ɗankwali a kan jiƙaƙƙen kitso. Kai ya yi nauyi, kafin azahar warin danshi ya taso, ga kuma ƙaiƙayi. Ranar Asabar kuwa tsifa da wankin kai huɗu ke jirana, mai kitso kuma ba ta taɓa kan da bai bushe ba. Don haka diraya a gidana ba kayan ƙawa ba ce, kusan kullum sai an kunna ta.

Guda biyu na binne kafin in zo wurinku. Ta farko na saye ta a wani shago da ba zan ambata ba. Kwalinta ya sha hoto, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ƙarfin wutar da take ci wat 5000 ne, mai shagon yana ta rantsuwa cewa 'yar waje ce. Tun ranar farko take warin ƙonannen roba. Iskarta ba ƙarfi, zafinta kuwa kamar garwashi, har autata ta fara kuka da zarar ta ga na ɗauko ta. Sati uku ta yi ta mutu. Da na mayar, mutumin da ya yi ta kirana Hajiya ranar ciniki ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. Ya nuna mini wata takarda a bango, wai kayan da suka fita ba sa dawowa. Na tsaya kamar mai roƙo, alhali kuɗina na ba shi. Ba asarar kuɗin ce ta fi ci mini rai ba, wulaƙancin ne.

Ta biyu ƙanwar maigidana ce ta aiko daga Amurka, mai kyau da ita. Na sa mata adafta na jona, ta yi wata irin ƙara, hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Ita ce a ledar nan da na shigo da ita.

Yaronku, wani siriri mai sanyin murya da ke zama ta wajen kantar fankoki, shi ya tare ni. Na ce masa, "Ɗana, ba ni wadda ta fi kowacce tsada, na gaji." Na ɗauka zai miƙo ta da sauri. Sai ya ce, "Mama, zauna tukuna, mu ga wadda ta mutun." Ya juya mariƙinta, ya nuna mini wani ɗan rubutu da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kuma adafta bakin fulogi kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Da na ba shi labarin mai wat 5000, ya girgiza kai. Ya kwance fulogi mai ƙafa uku ya nuna mini fis ɗin ciki, mai am 13, wato ma'aunin wutar da ke iya bi ta cikinsa, ya ce iyakar abin da zai ɗauka bai wuce wajen wat 3000 ba, don haka duk dirayar hannu da aka rubuta mata 5000 ƙarya ce tun daga kwali. Diraya ta gaskiya, in ji shi, yawanci tsakanin wat 1800 zuwa 2200 take.

Daga nan ya shiga yi mini tambayoyi kamar likita. Kai nawa ake busarwa a gidan? Gashin an sa masa man miƙarwa ko yana yadda Allah Ya halicce shi? In babu wuta, me muke kunnawa? Na ce ƙaramin janareta. Ya ce kada in kuskura in jona ta a kansa, don irin waɗannan ƙananan ko wat 1000 ba sa kaiwa, zan rasa ko dirayar ko injin. Ya kuma yi mini lissafin mita: mai wat 2000 in ta yi rabin awa tana aiki, ta cinye yunit ɗaya. Wallahi babu mai sayar da kaya da ya taɓa gaya mini abin da kayansa za su ci mini bayan na kai su gida.

Abin da ya fi ba ni mamaki, hana ni sayen mafi tsadar ya yi. Ya ce rabin kuɗinta na ƙarfunan naɗe gashi ne da ba za su yi mana amfani ba. Ya ɗauko wata ta ƙasa da ita, irin ta masu saloon, mai nauyi kaɗan, mai matakan zafi uku da maɓallin iska mai sanyi, ga bakin mataji da ake ɗaura mata. Ya ce gashi irin namu ƙarfin iska yake so, ba zafi ba, zafin ne ke karya shi. Duk da haka ta ninka ta farkon da na saya sau huɗu a kuɗi, kuma ban yi da-na-sani ba. Aka gwada a gabana, aka rubuta rasit da garanti, na tafi.

Bayan wata biyu, ina tsakiyar busar da kan babbar 'yata, ta ɗauke ɗif. Gabana ya faɗi. A cikin adaidaita sahu har na gama shirya maganganun da zan faɗa, don na sa rai da wata takardar a bango. Ina shiga yaron nan ya gane ni, ya miƙe ya gaishe ni, ya ba ni kujera. Ya murɗe murfin bayan dirayar, sai ga ragar ta toshe da ƙurar hunturu da zaren tawul da maiƙon man kitso, sun dunƙule kamar auduga. Ya ce ba mutuwa ta yi ba, akwai wani abu a cikinta da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, don kada ta kama da wuta a hannun mutum. Ya sa tsohon buroshin haƙori ya goge ragar tas, ya jona, ta tashi. Na buɗe jaka, ya ce, "Haba Mama, ai laifina ne da ban nuna miki ba tun ranar." Ko kuɗin ruwa ya ƙi karɓa. Kai kuma Alhaji, kana daga ciki ka ɗago ka ce a duba mini wayarta ma kafin in tafi.

Ban san yaushe muka koma haka a kasuwanninmu ba, har mutum ya riƙa mamaki don an gaya masa gaskiya. Ka sayi dutsen guga, a ce maka na Ingila ne, wata ɗaya ya daina zafi. Ka sayi caja, ka sayi ƙwan fitila, duk kanwar ja ce. Garanti ya zama rubutun ado a kwali. In mace ce ta zo ita kaɗai kuwa, abin ya fi muni, ana ganin ba ta san komai ba, a ɗora mata abin da ya daɗe a shago ba a saya ba. Ga shi kaya ne masu aiki da wuta, da ake riƙewa dab da kan yara. Wanda ya sayar mini da ta farkon nan ko ya taɓa tunanin abin da zai faru da a ce a kan autata ta kama?

Yanzu kan yarinya ɗaya minti ashirin ya ishe shi, autar ma da kanta take ɗauko dirayar ta zauna a gabana. Duk ranar Juma'a nake goge ragar kamar yadda aka koya mini.

Alhaji, ka riƙe yaron nan da kyau, Allah Ya yi masa albarka, Ya ba shi nasa shagon. Kai kuma Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare dukiya daga gobara da asara. Malamai biyu daga makarantarmu za su zo ƙarshen wata in an yi albashi, na kwatanta musu shagon, na ce su nemi siririn yaron da ke wajen fankoki.

Wassalam,
Wata malama, uwar 'yan mata uku, daga Kano.