Godiya ga ofishin da ya fitar da yaranmu daga aji zuwa bakin kwari

Assalamu alaikum Hajiya shugabar ofishi, da duk ma'aikatanki tun daga mai duba fom har direba.

Na rubuto ne a madadin malaman makarantarmu da ke nan cikin garin Gombe da iyayen yara na kwamitin kula da makaranta (SBMC), don mu yi godiya a bainar jama'a kan tallafin da kuka ba mu na koyar da yara sha'anin ruwa da ƙasa a fili. Mun saba in an ɓata mana mu hau Facebook mu yi ta ƙorafi, to in an kyauta ma ai sai a faɗa da ƙarfi kamar haka.

Abin da ya fi burge ni shi ne da malamai kuka fara. Mu fa bita ba baƙuwarmu ba ce, mun sha zuwa wadda za a tara mu a ɗakin taro, a kunna majigi, a raba ruwan gora da biro, a ɗau hoto gaban bana, kowa ya sa hannu a takardar alawus ya kama gabansa, Litinin ta zo ka koma aji ka ci gaba da kwafe littafi a allo kamar ba a yi komai ba. Taku ba haka ta kasance ba. An ce mu zo da takalmin da ba ma jin tausayinsa, aka kai mu bakin kwari aka ce to malamai, ruwan da ya haƙa wannan ramin daga ina ya taso, ina kuma ya nufa? Wallahi malamai masu NCE da digiri muka tsaya muna nuna hannu gabas da yamma muna musu. A nan aka zaunar da mu aka nuna mana yadda garin yake a gangare, ruwan sama na tasowa daga tudun yamma ya biyo ta cikin unguwanni ya yi gabas har ya faɗa kogin Gongola, ƙasar kuma mai yashi ce ba ta da riƙo, ga rufin kwano da siminti da kwalta sun yi yawa ruwa ba ya samun wurin nitsewa, sai ya taru ya yi ƙarfi ya ci ƙasa. Duk wanda ya san kwarin da ya addabi mutanen unguwar Malam Inna da na wajen kwalejin ilimi ta tarayya (FCE) kafin a yi musu aiki ya san ba labarin littafi ake yi ba, gidajen mutane ne suka rufta.

Kayan da kuka koya mana amfani da su ma ba wasu na a zo a gani ba ne, shi ya sa suka yi aiki. Gorar ruwa guda biyu aka yanke a tsaye, aka cika ɗaya da ƙasa tsirara, ɗayar da ƙasa mai ciyawa har da saiwarta, aka ɗan karkata su aka zuba ruwa da buta. Da na maimaita wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a bayan ajinmu, ruwan gorar farko ya fito jajir kamar kunun kanwa, na biyun ya fito kusan garau kuma a hankali yake ɗiga. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta tsuguna ta ɗaga kofunan biyu tana kallo, ta ce Malam ashe shi ya sa bayan gidanmu yake zaizayewa, tun da aka share ciyawar wajen aka yi shago. Ban ƙara mata komai ba, ta riga ta gama darasin da kanta. Yanzu har ma'aunin ruwan sama suka haɗa da gora da rula, akwai mai rubutawa a littafi duk safiyar da aka kwana ana ruwa, kuma faɗa suke yi kan wanda zai duba.

Sai tafiyar Dadin Kowa. Yawancin yaran nan ruwan dam ɗin suke sha a famfo ko a jarkar 'yan garuwa, amma ba su taɓa ganinsa ba duk da bai kai kilomita 40 daga gari ba. Sun ga ruwan, an yi musu bayanin tashar wutar lantarki mai megawat 40 da ke wajen, sun ga gonakin rani na shinkafa, an kuma faɗa musu kogin nan na Gongola daga tsaunukan Filato ya taso, in ya wuce nan sai dam ɗin Kiri a Adamawa, sannan ya haɗu da Binuwai a Numan. Jami'in lafiyar da kuka haɗa mu da shi ya tsinto ƙananan dodon koɗi a bakin ruwa ya nuna musu, ya ce ta jikin irin waɗannan tsutsar tsargiya take bi ta shiga fatar mai wanka, kuma fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu samari ke faɗa, cuta ce mai magani. Na ga yara maza biyu sun kalli juna sun yi shiru, daga baya ɗaya ya same ni a gefe, mun tura shi asibiti.

Maganar kuɗi kuwa dole in taɓa ta don nan ne ake yawan samun matsala. Alat ya shigo asusun makaranta lokacin da kuka ce, ba wanda ya kira hedimasta ya ce a ajiye masa wani abu, rasit kawai kuka nema na mota da mai da abincin yara da dashe. Kun kuma dage sai an samu malama mace a kowace fita, abin da ya sa iyaye da dama suka saki jiki suka bar 'ya'yansu mata suka bi mu.

Na san gwamnati na nata ƙoƙarin, ga shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green da aka fara a 2019, ga shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma a ganina ko an zuba siminti a kwari na biliyoyi, in yaron unguwa bai san ledar fiya wata da bolar da ake juyewa a lambatu su ne ke toshe kwalbati ruwa ya canza hanya ya shiga gidan maƙwabci ba, aikin ba zai yi ƙarko ba. Yaranmu sun dasa dogon yaro da jema a gefen katangar makaranta inda ruwa ke ci, sun kewaye da ƙaya saboda awaki, awakin dai sun ci wasu, sauran sun kama.

Roƙonmu biyu ne. In za a sake, a saki kuɗin kafin damina ta kankama, don a watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi yara suna hutu, abin da za su gani da idonsu sai ya wuce su. Sannan a tuna da makarantun Islamiyya da na ƙauyuka wajen Nafada da Balanga, malamansu suna ta tambayarmu yadda ake cike fom ɗin neman tallafin.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, a gaishe mana da direba da ya yi haƙuri da surutun yaranmu.

Naku, malamin kimiyya, a madadin malamai da iyayen yara.