Ba duk mai haɗa kiɗa a ɗaka ne ɓarawon karin Indiya ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tanka wata magana da ta yawaita a bakin masu sharhi kan al'adu: wai samarin da ke haɗa kiɗa a ɗakunansu da fiyano da kwamfuta sun kashe waƙar Hausa, ba abin da suka iya sai kwaso karin Indiya su ɗora masa kalmomin soyayya. Ni tela ne a Tudun Wada, nan Gusau. Ba a taɓa gayyata ta wasan biki ba, ban kuma taɓa cin ko sisi da waƙa ba. Amma ina cikin waɗanda ake nuna wa yatsa, don haka ina ganin ina da bakin magana.

Zargin yana da ƙamshin gaskiya, ba na musu. Akwai waƙar da kana jin farkonta za ka iya ƙarasa ta da Indiyanci, domin an ɗauke ta ne ɗungurungum, har da inda sarewa ke shigowa. Wannan satar fasaha ce, ba ta da wani suna. Sai dai a sana'armu, wanda ya sayo riga ɗinkakkiya ya canza mata maɓalli daban yake da wanda ya warware ta don ya ga yadda aka yanka hannu da wuya, sannan ya je ya yanka tasa da nasa yadin. Na biyun nan su ne masu sharhi ba su san da zamansu ba, kuma a kansu nake rubutu.

Mu 'yan kaɗan ne. Akwai malamin firamare, akwai mai gyaran waya, akwai ɗalibai, akwai wani ma'aikacin asibiti da ke Talata Mafara. Kowa a ɗakinsa yake ɗauka ya tura wa sauran, su saurara su yi masa gyara. Ni sai bayan Isha'i nake farawa, idan injin markaɗen maƙwabta ya yi shiru, yara sun kwanta. In jingine katifa a jikin taga, in rataya bargo a bayan ƙofa, in sa wa makirfo safa don kada numfashi ya riƙa bugunsa. Fanka kam dole a kashe ta ko da a watan Afrilu ne, sai ka gama baiti guda gumi ya jiƙa maka riga. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, a katin memori muka riƙa kai wa juna aiki, a ba direban mota ya kai Mafara kamar saƙon magani. Wanda ke neman suna ko kuɗi ba zai jure wannan ba.

Abin da ya fi cin mana lokaci shi ne ƙidaya. Kiɗan Indiya a kan zagaye yake tafiya, suna kiransa tala, kowane da yawan bugunsa da yadda aka karkasa shi. Tintal bugu 16 ne, huɗu sau huɗu. Keharwa 8, dadra 6, kuma waɗannan biyun su ne suka cika waƙoƙin fina-finansu, shi ya sa kunnenmu ya saba da su ba tare da mun san sunansu ba. Mai tabla, wato tagwayen gangunan Indiya, da baki yake fara koyon bugun kafin ya taɓa fata: keharwa ita ce dha ge na ti, na ka dhi na. Bugun farko na zagayen sunansa sam, kuma duk yawon da mawaƙi da makaɗi za su yi, a nan za su haɗu su dira tare. Wannan dirar ita ce daɗin da mutum ke ji a ƙirji bai san daga ina ya zo ba.

Rupak ne ya raba mana kai. Bugu 7 ne, uku da biyu da biyu. Mai gyaran waya ya haɗa kiɗa a kansa, ya rera baiti, ya turo. Duk wanda ya saurara sai ya ce akwai inda waƙar ke ɗingishi, amma an rasa wurin. Malamin firamare ne ya zauna da biro ya ƙirga gaɓoɓin kowane layi, ya ware masu nauyi da marasa nauyi, ya gano cewa layukan a kan takwas bakinsa ya tsara su, sai yana haɗiye gaɓa guda a kowane zagaye don ya cimma sam. Aka yi ta ja: wasu suka ce a rage kalmomi, wasu suka ce a bar bakwai ɗin nan ga masu shi, Hausa ba ta zauna a kansa ba. Ni ina ɓangaren da ke cewa tana zama, in dai tun farko da bakwai a kunne aka rubuta baitin. Har yau ba a daidaita ba, kuma ban ga laifin hakan ba.

To ga abin da nake so masu sharhi su ji. Wannan ƙidayar da muka koya daga Indiya ita ce ta mayar da mu gida. Da can ina jin Musa Ɗanƙwairo ne kamar yadda kowane Bazamfare ke jinsa, a rediyo, a tasha, a shagon mai shayi. Sai da na iya ƙirga zagaye na fara tambayar kaina ina kotso yake dira, a wane bugu 'yan amshi ke karɓe layi daga bakinsa, me ya sa ba sa jira ya ƙarasa. Haka na koma wa Narambaɗa da Sa'idu Faru da kunnen mai son ya san yadda aka gina abu. Akwai wani dattijo da ke kawo mini ɗinki, wanda ya yi amshi a ƙuruciyarsa a wajen Maradun. Na sa masa wata waƙa da na yi alfahari da ita, ya saurara har ƙarshe yana kaɗa kai, sannan ya ce, "Ɗana, kiɗin ya yi daɗi. Amma ina gindin waƙag ga? Ɗiya na ji suna ta yawo, ba su da gidan komawa." Na ce, "Baba, ai ga amshi nan." Ya ce wannan maimaici ne kawai, gindi shi ne wanda kowane ɗa zai gangaro ya faɗa cikinsa da kansa, ba sai an jawo shi ba.

Indiyawa ma haka suke yi. Waƙar fim tana buɗewa da mukhda, wato gindinta, sannan antara, wato ɗiya, biyu ko uku su biyo baya, kowanne ya hau sama da murya, ya juyo, layinsa na ƙarshe ya zame cikin mukhda. Dabarar gangarowar nan ɗaya ce da wadda dattijon ke nufi. Bambancin shi ne su suna cike tsakani da goge da sarewa, mu kuwa mutane ne ke cike shi da baki. Kuma nan ne babbar matsalar mai ɗauka a ɗaka take: ba shi da 'yan amshi. Sai ya ɗauki muryarsa sau uku ko huɗu ya jera, ta fito sumul, numfashi ɗaya, lafazi ɗaya, babu ɗan saɓanin nan na muryoyin mutane daban-daban da ke sa amshi ya yi kauri. Yanzu idan na kai wurin amshi, yaran shagona nake tarawa bayan an tashi. Ba su iya waƙa sosai ba, amma abin ya fi rai nesa ba kusa ba.

Sai maganar raga, wadda ita ce mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Sautukansu bakwai ne, sa re ga ma pa dha ni, amma raga ba jerin sautuka ba ne kawai. Tana da hanyar hawa da hanyar sauka, da sautin da ake daɗewa a kai, da wanda ake shafa a wuce, har da lokacin da ya dace da ita: Bhairav ta asuba ce, Yaman ta farkon dare, Malkauns ta tsakar dare. Wadda ta fi yi mana sauƙi ita ce Bhupali, mai sautuka biyar, sa re ga pa dha. Da na fara latsa su a fiyano sai na ji kamar ina tsakar gidanmu mata na daka, domin yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke yawo. Saboda haka wani lokaci abin da mai sharhi zai ji ya ce Indiya ce, iyaka ce da mu da su muka yi tarayya a kanta tun kafin a ƙirƙiro silima.

Inda ba mu yi tarayya ba shi ne harshe, kuma a nan masu kwafe suke tafka ɓarna. Hausa tana da karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta, ga kuma dogon wasali da gajere. Indiyanci bai ɗaure mawaƙi da hawa da saukar gaɓa ba, yana iya kama wasali guda ya yi ta lanƙwasa shi yadda ya so. Idan ka ɗauko karin da aka yi wa kalmominsu ka cusa namu a ciki, sai gaɓar da ya kamata ta hau ta sauka, gajere ya miƙe, Bahaushe ya saurari waƙar Hausa yana tambayar me aka ce. Ƙa'idar da muka bi a tsakaninmu ita ce kalmomi su riga kari. Ka rubuta layin, ka faɗe shi da baki kamar kana magana da wani, ka ja zane a takarda inda murya ta hau da inda ta sauka, sannan ka shiga cikin ragar ka nemi sautukan da za su bi wannan zanen. Lanƙwasa kuwa ka ajiye ta sai a dogon wasalin ƙarshen layi, inda ba za ta ɓata ma'ana ba. Aiki ne mai cin rai, layi guda yana iya cinye dare, amma wanda ya bi wannan hanya ko ya so ya yi sata ba za ta yiwu ba, don karin wani ba zai hau zanen kalmominsa ba.

Ita kanta fiyanon tana da iyaka. Ran kiɗan Indiya yana cikin zamewa daga sauti zuwa sauti ba tare da yankewa ba, abin da suke kira mind, fiyano kuwa tsalle take yi daga maɓalli zuwa maɓalli. Saboda irin wannan dalili ne gidan rediyon gwamnatin Indiya ya hana sa harmoniya, wato ƙaramar fiyano mai zugazugi, a shirye-shiryensa daga 1940 har zuwa 1971. Mu da ɗan gargaren da ke gefen hagu na fiyanon Yamaha muke lallaɓa zamewar, amma duk wanda ya taɓa jin goge ko kukuma a hannun gwani ya san muna da kayan da ke wannan zamewar tun tuni. Haka babbar gangar tabla, da gindin tafin hannu ake danna fatarta ta canza murya, aikin da mai kalangu ke yi da tsarkiya a hammata. Baƙin tabon da ke tsakiyar fatar tabla kuma, wanda ake haɗawa da garin ƙarfe da ƙullun shinkafa ko alkama, yana tuna mini danƙon da makaɗan fada ke liƙawa a fatar taushi.

Abu guda da ba zan kare kowa a kansa ba shi ne matse muryar mace da na'ura har ta koma kamar ta sauro, wai ana kwaikwayon mawaƙiyar Indiya Lata Mangeshkar. Baiwar Allahn nan da maƙogwaronta ta yi aiki shekaru sama da saba'in kafin ta rasu a 2022. Matanmu suna da tasu muryar mai faɗi, a bar su da ita.

Masu cewa a toshe kunne daga Indiya sun makara. Tun shekarun 1950 fina-finansu ke shigowa Arewa, iyayenmu sun kalla, har masu bandiri a Kano sun daɗe suna juya karin waƙoƙinsu zuwa begen Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Masu raina ɗaka kuma su tuna A. R. Rahman, shahararren mai haɗa kiɗan fina-finan Indiya, da kiɗan tallace-tallace ya fara, a situdiyon da ya gina a harabar gidansu a Chennai, kafin fim ɗinsa na farko a 1992, kafin kyaututtukan Oska biyu a 2009. Ba cewa nake akwai irinsa a Tudun Wada ba. Cewa nake girman ɗaki ba shi ne ma'auni ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata inda za a tattauna yadda ake gina waƙa, a bar wa wasu shafukan labarin wane ya auri wance. A nemo tsofaffin 'yan amshi da makaɗan kotso da suka rage a Maradun da Bakura da Shinkafi su yi bayani da bakinsu, tunda halin da hanyoyinmu ke ciki ya sa zuwa wurinsu ya yi wa irinmu wuya. Malaman Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Kwalejin Ilimi ta Maru su taimaka da abin da suka nazarta, cikin Hausar da tela zai gane. Tambayar da zan fara aikowa ita ce wadda muka kasa warwarewa a tsakaninmu: idan 'yan amshi za su karɓi layi daga bakin jagora, kiɗa ne ke gaya musu wurin shiga, ko kalmar da ya tsaya a kanta?

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka mai karatu,
wani tela daga Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara